Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Labarin Leburorin Sito a Amurka

Malamai da 'yan kasuwa masu karanta wannan shafi, ga wani labari daga ƙasar Amurka wanda ya isa a tsaya a duba shi.

Akwai wani kamfani wai shi Amazon, an kafa shi a 1994, sana'arsa sayar da kaya ta intanet. Mutum yana zaune a gida ya yi ciniki, a ɗauko kayan daga sito a kai masa har ƙofa. Sitocin nan manya ne ƙwarai, wani ma'aikatansa sun kai dubbai, masu tsinto kaya da ɗauri da lodi, na'ura kuwa tana ƙirga abin da kowa ya yi. Kukan leburorin shi ne saurin ya yi yawa, hutu kaɗan, ga jin rauni.

To, tun 1935 dokar ƙasar ta ba ma'aikata ikon kafa ƙungiya. Idan 30 cikin 100 suka sa hannu, sai hukumar ƙwadago ta shirya musu ƙuri'ar asiri. In masu so suka rinjaya, ya wajaba kamfani ya zauna da ƙungiyar a daidaita kan lada da sharuɗɗan aiki.

A 2021 aka gwada a garin Bessemer na jihar Alabama: 738 suka ce i, 1,798 suka ce a'a. Hukuma ta soke zaɓen, ta ce kamfanin ya sa hannu a ciki. A watan Afrilun 2022 kuwa, a Staten Island cikin birnin New York, 2,654 suka rinjayi 2,131. Shi ne karo na farko da ƙungiya ta ci zaɓe a siton Amazon a Amurka. Jagoransu Chris Smalls, kamfanin ya sallame shi a 2020 bayan ya ja zanga-zanga lokacin annobar korona.

Amma fa kamfanin bai yarda ba, ya kai ƙara. Hukuma ta tabbatar da zaɓen a 2023, duk da haka 2024 ta ƙare ba a ƙulla yarjejeniya ba, ko da yake a shekarar sun haɗe da babbar ƙungiyar Teamsters, har aka yi yajin aiki a Disamba.

Dalili kuwa shi ne, doka ta ce a zauna, ba ta ce dole a daidaita ba. Wanda ya kori ma'aikaci saboda ƙungiya ma ba tara a kansa, iyaka ya mayar da shi ya biya shi abin da ya rasa. Kafin shari'a ta ƙare shekaru sun wuce, da yawa cikin masu ƙuri'ar sun bar aikin.

Ɗan kasuwa ya sani, tayi ba saye ba ne sai mai kaya ya ce ya sallama. Leburorin nan sun taya, doka ta shaida tayinsu, amma ba ta da ikon sa a sallama.