Tsofaffin Gidajen Hayar Sabon Garin Zariya: A Gyara ko a Rushe?

Idan ana zancen gine-ginen tarihi a Zariya, ganuwa ake fara ambata, sai fadar Zazzau da masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Ba kasafai ake tunawa da tsofaffin gidajen hayar Sabon Gari ba, alhali kuwa a cikinsu ne aka haifi Zariyar zamani.

Jirgin ƙasa ne ya kawo su. Layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya, ya isa Kano a 1911. Daga baya aka ja ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, sannan wani ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Da Zariya ta zama mahaɗa, sai kamfanoni irin su John Holt da GBO da PZ suka kafa kantuna da rumbunan auduga da gyaɗa kusa da tasha. Har gobe ana kiran wajen PZ.

Ma'aikata suka yi ta kwararowa: akawuna da makanikai da teloli da leburori. Turawan mulki ba su so baƙi su cuɗanya da mutanen birni, don haka suka yanka musu wuri a arewacin kogin Kubanni. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa wannan rabuwa, har aka tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don gudun sauro da cuta. Amma rabuwar ba ta tafi yadda suka so ba, domin Hausawa 'yan kasuwa da Nufawa sun zauna ƙofa da ƙofa da Yarbawa da Inyamurai. Sunayen tituna irin su Legas da Benin shaida ne.

Tsarin gidajen ya saɓa wa na cikin birni. Babu zaure, babu shigifa. Shaguna ne a gaba suna kallon titi, sai ɗakuna a jere suna fuskantar juna, rijiya a tsakar gida, madafa da banɗaki a can ƙurya, kowa da kowa na amfani da su. Kowane ɗaki da iyalinsa. Irin wannan gini ya bazu zuwa Samaru bayan kafa tashar binciken aikin gona a 1922 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya kuma bi hanyar Basawa, inda ɗalibai da ƙananan ma'aikata ke neman ɗaki mai sauƙin kuɗi.

Yau da yawansu sun tsufa. Wanda aka gina da tubalin ƙasa aka shafe da siminti, ruwa ne ajalinsa. In kwata ta toshe, danshi ya hau gindin bango, simintin ya hana shi bushewa, sai ƙasar ta ruɓe daga ciki, wata damina ta kayar da shi. Ga kuma matsalar gado: gida ɗaya magada goma, kowa na jiran kasonsa na haya, ba mai sayen kwano ko ƙusa. Ƙarshenta a sayar, a rushe, a gina filaza, 'yan haya su kwashe komatsansu zuwa bayan gari, nesa da kasuwar da suke ci a cikinta.

Ba cewa ake a bar mutane cikin ɗakin da ke yoyo don a adana tarihi ba. Wanda ya lalace ƙwarai a sauke shi kafin ya hallaka rai. Amma da yawa gyara kawai suke bukata: sabon rufi, yashe magudana, ƙarin banɗaki, wayar lantarki mai inganci. Sashen nazarin zanen gine-gine na jami'a yana nan Samaru, zai iya auna gidajen ya ware masu daraja. Hukumar tsara birane ta KASUPDA da Ƙaramar Hukumar Sabon Gari su riƙa duba darajar gida kafin ba da izinin rushewa, a kuma sassauta wa mai gidan da ya gyara haraji. Dattawan da suka san wanda ya gina kowane gida suna ƙarewa, a ɗauki bayaninsu tun suna raye.

Fada tana ba da labarin sarakuna. Waɗannan ɗakuna kuwa su ne ke riƙe da labarin talakan da ya loda auduga, ya tuƙa jirgi, ya yi zaman lafiya da maƙwabcin da ba yarensu ɗaya ba. Zariya na bukatar duka biyun.