Jijjigar Zazzaɓi: Uwa, Kada Ki Jira!

Yawancin yaran da zazzaɓi ya sa su jijjiga sukan warke sarai. Amma jijjigar da ta wuce minti 30 tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Hoton na'urar MRI ya nuna haka. A wasu yara, sashen da ke riƙe abin da suka koya yakan kumbura a kwanakin farko, bayan shekara guda kuma a tarar ya tsuke. Farfaɗiya tana iya biyo baya.

In ɗanki ya fara jijjiga, ki kwantar da shi ta gefe. Kada ki cusa masa cokali a baki, kada ki ɗura masa komai. In ta kai minti 5, maza ki garzaya asibiti!