Tsara Aikin Sa Ido a kan Rezon da Ake Gudanarwa daga Nesa: Misalin Dakwaro

1. Gabatarwa

Wannan maƙala tana magana ne a kan wata matsala da galibi ake bar wa ma'aikatan fasaha, wato yadda ake tsara aikin sa ido a kan rezon wata ma'aikata idan ragamar rezon tana can wata ƙasa mai nisa. Mun zaɓi gundumar Dakwaro, a arewacin jihar Maraɗi, domin a irin wannan wuri ne matsalar take fitowa fili. Abin da muke son nunawa shi ne, mai sa ido daga nesa yana kallo ne ta cikin hanyar da aka ba shi gadi. Idan hanyar ta yanke, shiru kawai yake samu, shi kuwa shiru ba ya faɗin dalilinsa. Mafi yawan aikin tsarawa, ke nan, neman hanyar fassara wannan shirun ne.

Kafin mu ci gaba, akwai kalmomi biyu da ya kamata mu daidaita a kansu. Kalmar "rezo" mun karɓe ta yadda ta zauna a bakin jama'a, sai dai a nan ba sandunan da ake gani a fuskar salula muke nufi ba. Muna nufin na'urorin da suke haɗa kwamfutocin ma'aikata ɗaya da junansu, sannan su haɗa su da intanet. Ta biyu ita ce "gajimare", wadda wasu suke fassara kalmar Turawa da ita kai tsaye. Ba mu gamsu da ita ba. A Dakwaro gajimare abin murna ne, kowa yana ganinsa, kuma ba na kowa ba ne. Abin da ake nufi kuwa manyan ɗakuna ne cike da kwamfutoci a Turai ko Amurka, suna da mai su, ana kuma biyan kuɗin hayarsu. Don haka za mu riƙa cewa "cibiyar nesa".

2. Dakwaro da aika labari

Batun isar da labari daga Dakwaro zuwa Yamai ba sabo ba ne. Tun 1989 Nijar ta kafa tsarin gargaɗin gaggawa game da ƙarancin abinci, wanda aka fi sani da SAP, amma shekaru da dama takardun da ma'aikatansa suke cikawa a karkara sai sun bi mota kafin su isa babban birni. A lokacin yunwar 2005 ƙungiyar Télécoms Sans Frontières, mai mazauni a garin Pau na Faransa, ta zo Dakwaro da na'urorin tauraron ɗan Adam. Bayan haka ta taimaka wajen haɗa wasu wuraren tattara bayanan SAP da Yamai, ta kuma buɗe cibiyar sadarwa a cikin garin Dakwaro a 2007. A wancan zamani na'urorin kaɗan ne, kuma mai kula da su yana zaune kusa da su. Idan abu ya tsaya, da idonsa yake gani.

Yau lamarin ya sake. Tun 2017 gundumomin kiwon lafiya na Nijar suke shigar da alƙalumansu cikin DHIS2, manhajar da aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo, wanda ke nufin rahoton wata-wata na ƙaramin asibiti ya dogara ga rezo. Na'urorin rezon su ma sun sake hali. Kamfanoni irin su Meraki, wanda Cisco ya saya a 2012, ko Aruba, suna sayar da na'urar da da zarar an kunna ta sai ta nemi cibiyar nesa, ta karɓi umurni daga can, ta riƙa aika labarin lafiyarta. Ma'aikaci ɗaya a Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, yana iya ganin ofisoshi da yawa a allo guda. Amfanin wannan a fili yake, ba ma musunsa.

3. Shiru iri huɗu

A ɗauka wata ma'aikata tana da ofis a garin Dakwaro, da ƙananan rassa a Kornaka da Birnin Lalle da Azagor. Kowace na'ura tana aika ɗan gajeren saƙo zuwa cibiyar nesa a kai a kai, ma'anarsa "ina nan". Idan saƙon ya daina zuwa na wasu mintoci, allo sai ya nuna ja, a aika gargaɗi. To, amma me ya faru a Azagor?

Wataƙila batir ya ƙare, domin ƙurar hunturu ta rufe farantan hasken rana. Wataƙila na'urar lafiya lau take, eriyar kamfanin waya ce ta tsaya. Wataƙila ita na'urar ce ta mutu saboda zafin watan Afrilu ko tsawar farkon damina. Wataƙila kuma babu abin da ya faru a duk jihar Maraɗi. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar wadda ba ta da teku. A rana irin wannan ma'aikatan ofis suna iya buga takarda da musayar fayil a tsakaninsu, alhali allon cibiyar nesa yana cewa sun ɓace.

Duka huɗun launi ɗaya suke nunawa, amma maganinsu daban-daban ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Na farko tsumma da ruwa yake buƙata. Na biyu kiran waya. Na uku mota da man fetur da yini guda a kan hanyar rairayi. Na huɗu haƙuri. Wanda ya tura ma'aikaci daga Maraɗi saboda matsalar da take cikin teku ya yi hasarar da za a iya kauce wa tun ranar da aka tsara sa idon.

Hanyar rarrabe su ita ce a ƙara shaidu waɗanda ba su bi ta hanya ɗaya ba. Abu na farko, kuma wanda aka fi mantawa da shi, shi ne auna wuta. Batirin dalma mai volt 12 idan ya cika yana nuna kusan 12,7 a huce. Idan ya sauko wajen 12 ya riga ya ci kusan rabinsa ko fiye. Idan ana aika wannan adadi tare da saƙon "ina nan", to mai sa ido zai ga batirin yana sauka kafin shirun ya zo, ya san dalili tun kafin a tambaye shi. Wannan ya shafi har wuraren da suke kan babban layi: daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, kuma babu wani tsari na asali da ya zo da na'ura daga masana'anta wanda ya yi tanadin irin wannan hali.

Abu na biyu shi ne a ajiye ɗan ƙaramin mai gadi a cikin ofis ɗin kansa, wato ƙaramar kwamfuta mai ɗauke da manhaja irin Zabbix ko Nagios, waɗanda kyauta ake samunsu. Ita tana ci gaba da tambayar na'urorin cikin gida ko da intanet ta yanke, tana rubutawa, idan hanya ta dawo ta aika. A nan akwai wani ɗan tarko. Ƙananan kwamfutoci da yawa ba su da agogon da yake tafiya idan wuta ta ɗauke, daga intanet suke karɓar lokaci. Idan suka tashi babu rezo, sai su rubuta abubuwan da suka faru da sa'ar ƙarya. Har ila yau wasu alluna suna nuna lokacin duniya, wanda Nijar take gabansa da awa ɗaya. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin daidaita rahotanni biyu masu agogo daban ya san ɓacin lokacin da ke ciki.

4. Iyakar gargaɗi

Kowane gargaɗi yana da iyakar da idan aka ƙetare ta yake tashi. Iyakokin da suke zuwa da na'ura an yanka su ne bisa ga ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, kuma wayar gilashi ta kai kowane ofis. Misali guda ya isa. Tauraron da yake tsaye a sama yana nisan kilomita 35.786, tambaya da amsarta sai sun yi wannan tafiya sau huɗu, abin da ya kai kusan rabin daƙiƙa ko da babu wani cikas, a aikace kuma yakan kai wajen kashi 600 cikin dubu na daƙiƙa. Idan an bar iyakar jinkiri a 200, reshen da yake kan irin wannan tauraro zai kasance cikin "matsala" dare da rana. Taurarin Starlink kuwa, waɗanda suka fara aiki a Nijar a hukumance a 2025, suna kusa da ƙasa, wajen kilomita 550, jinkirinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba. Ke nan ba a yanka iyaka ɗaya ga dukkan rassa. Shawararmu ita ce a bar rezo ya yi mako biyu ko uku ana aunawa ba tare da gargaɗi ba, a ga halinsa na yau da kullum, sannan a yanka. A sake dubawa idan damina ta faɗi, domin ruwa mai ƙarfi yana raunana siginar tauraro.

Dole kuma a gaya wa manhaja wace na'ura ce uwa, waɗanne ne ƴaƴanta. Idan babbar na'urar ofis ta tsaya, duk na bayanta za su yi shiru, gargaɗi ɗaya ya wadatar. Reshen da ake kashe wa wuta da gangan bayan tashi daga aiki, a rubuta sa'o'insa don kada ya riƙa kuka kowane dare. Dalilin nacewa a kan wannan ba na fasaha ba ne kawai. Mutumin da wayarsa take ƙara sau talatin a yini a kan abin da ba komai ba, cikin mako guda zai daina dubawa, ran da abin gaske ya faru ma ba zai duba ba.

Haka ma alƙaluman da ake kai wa shugabanni. Wata mai kwana 30 awa 720 ne. Idan an ce rezo ya yi aiki kashi 99 cikin ɗari, awa 7 da ƴan mintoci ne suka ɓace. In da tsakar dare suka faɗo, babu wanda ya ji. In kuwa sun faɗo a ranar ƙarshe ta shigar da rahoton wata, aikin gunduma ne ya tsaya. Gara a ƙirga bisa ga sa'o'in aiki.

5. Wa ake gaya wa, kuma me ake tarawa

Gargaɗin da aka aika ta imel zuwa ofis ɗin da intanet ɗinsa ta yanke ba zai isa ba sai bayan an gyara. Ya kamata ya bi ta SMS, kuma in da hali a kan layin wani kamfani daban da wanda yake ɗauke da rezon. Ya kamata ya fara zuwa ga wanda yake kusa da na'urar, ko da ba injiniya ba ne, cikin Hausa mai sauƙi wadda take faɗin abin yi: "duba ko fitilar akwatin tana ci", "goge farantai". Sai idan awa ɗaya ko biyu ta wuce ba a warware ba ya hau zuwa Maraɗi, daga nan Yamai. A tsare-tsare da yawa akasin haka ake yi, na Yamai ne yake fara sani, shi kuwa ba abin da hannunsa zai iya taɓawa.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba ya da alaƙa da waya ko wuta, wato ranar ƙarewar lasin. A tsarin Meraki da aka fi sani, idan lasin ya ƙare aka wuce kwana 30 na sassauci, na'urorin suna daina aiki. Ma'aikatar da take dogara ga kuɗin wani shiri mai wa'adi ya kamata ta sa wannan rana cikin abubuwan da ake sa wa ido, watanni kafin ta zo.

Saura batun abin da ake tarawa. Ƙa'idar SNMP, wadda da ita ake tambayar na'urori tun 1988, a tsofaffin nau'o'inta tana aika kalmar sirri a buɗe. Nau'i na uku ne yake ɓoye ta, shi ya kamata a zaɓa. Sannan allon cibiyar nesa yana iya nuna wace waya ce ta shiga wane shafi, da ƙarfe nawa. Wannan bayani ne a kan mutane, ana kuma ajiye shi a wajen ƙasa, alhali Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Don sanin ko rezon Kornaka yana aiki ba a buƙatar sanin abin da ungozomar Kornaka take karantawa. A nan ma akwai maɓallin da ake iya kashewa, kuma ya kamata shugaban ma'aikata ne zai yanke shawara a rubuce, ba wanda ya zo haɗa wayoyi ba.