Masai Ya Samu Gidan Tarihi a Indiya, Garmarmu Tana Hannun 'Yan Gwangwan

A birnin Delhi na ƙasar Indiya akwai wani gidan tarihi da babu takobi ko alkyabbar sarki a cikinsa. Abin da aka tara a wurin shi ne masai. Dokta Bindeshwar Pathak, wanda ya kafa ƙungiyar Sulabh, shi ya buɗe gidan a 1992, ya jera tarihin yadda ɗan Adam ke kewayawa tun wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Akwai masan da aka ƙera da siffar gadon sarauta, akwai wanda aka yi kamar tarin littattafai don kada baƙo ya gane abin da yake. Mai jin labarin yakan fara da dariya, amma Pathak ba wasa ya kai shi ba. Ya ƙarar da rayuwarsa, har ya rasu a 2023, yana fafutukar 'yantar da talakawan da gadonsu shi ne kwashe bayan gidan wasu da hannu, yana kuma yaɗa masai mai rami biyu wanda talaka zai iya ginawa. Yaron da ya zaga gidan nan zai fito ya san alaƙar bahaya a fili da amai da gudawa fiye da wanda aka karanta wa a aji.

Irin waɗannan gidaje da suka ɗauki abu guda suka tsaya a kansa suna da yawa a duniya. A Toronto ta Kanada akwai na takalma, wanda Sonja Bata ta buɗe a 1995, daga iyalin nan masu takalman Bata da iyayenmu suka sa zuwa makaranta; takalman da ke ciki sun haura 13,000. A Ikeda, kusa da Osaka, an buɗe na taliyar 'yar minti a 1999, har aka sake gina 'yar rumfar da Momofuku Ando ya ƙirƙiro ta a 1958. Jamusawa suna da na burodi a garin Ulm tun 1955.

Wanda ya fi tsaya mini a rai yana unguwar Meguro a Tokyo. Wani likita, Satoru Kamegai, ya kafa shi da kuɗin aljihunsa a 1953, kuma ba abin da ke ciki sai tsutsotsi da ƙwarin da ke rayuwa a jikin mutum da dabba. A bene na biyu an rataye wata tsutsar ciki da aka ciro daga jikin wani mutum, tsawonta mita 8.8. Kusa da ita an ajiye igiya mai tsawo daidai da nata, domin mai ziyara ya ja da hannunsa ya ga inda za ta ƙare. Su ma Japanawa sun sha fama da tsargiya kafin su kawar da ita, kuma sun ƙi yarda jikokinsu su manta.

Mu fa? A 1988 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya. Dattawan karkara sun san yadda ake naɗe tsutsar a jikin tsinke, kullum a ja kaɗan, manomi yana kwance damina tana wucewa. An yi yaƙi da ita, da taimakon Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon, har aka ga mai ɗauke da ita na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da ita daga ƙasar nan a 2013. Yau ka ce wa ɗan shekara goma sha biyar kurkunu, sai ya tsaya yana kallonka. Ƙyallen tace ruwan da aka raba gida gida a lokacin ya cancanci a ajiye shi inda yara za su gani, musamman a ƙasa irin Ƙaraye, inda madatsar Challawa da aka kammala a 1992 da ta Kusalla suka sa yara ke tashi a bakin ruwa, ruwan kwance kuwa, inda ake ɗaukar kurkunu, shi ne kuma gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin ba sai ƙasa mai kuɗi ba. A gidan tarihin Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, an gina wa busasshen itace rumfa ta musamman. Ita ce bishiyar Tenere, bishiyar ƙaya da ta tsaya ita kaɗai a sahara, babu wata kusa da ita sai an yi tafiya mai nisan gaske, ayarin gishirin Bilma suna gane hanya da ita. Wani direban babbar mota ya ture ta a 1973. Hukuma ba ta bari a yi makamashi da ita ba, aka ɗauko ta zuwa Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Muna da namu gidajen, kuma ba na raina su. Gidan Makama a Kano, wanda gininsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yana riƙe da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da na sana'a. Gidan Ɗan Hausa yana nan, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna. A Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831 ta zama gidan tarihin Kanta a 1958. A Katsina, ginin tsohuwar kwalejin nan da ta yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna shi ne gidan tarihi yanzu. Sai dai dukkansu a birni suke, kuma labarin fada ya fi yawa a cikinsu. Ɗan firamare daga Unguwar Hajji ko daga ƙauyukan Rogo zai iya gama makaranta bai taka ko ɗaya ba, alhali kayan tarihin da suka fi shafarsa suna bayan ɗakin kakarsa, gara tana ci.

Ɗauki kaɗi kawai. Tsohuwa takan shimfiɗa auduga a kan dutse, ta murza ta da ƙarfen gurza har angurya ta fita, ta shiɓe ta ta yi laushi, sannan ta lakaci alli a yatsa don kada su yi santsi, ta murza mazari ya yi ta juyawa a cikin 'yar tasa, zare yana fitowa siriri. Daga nan zaren ya tafi wurin masaƙi, ya wuce karofi. A kan wannan aikin na mata ne sunan Kano ya kai har Timbuktu da Tarabulus. Yau gidaje nawa ne ke da mazari? Masu iyawa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Haka jigon ban ruwa da injin ya kora, da mangalar jaki, da akushi, da fitilar acibalbal, da kwabo mai huji. Na itace da na kaba suna ruɓewa. Na ƙarfe kuwa, tsohuwar garma da sungumi da lauje, 'yan gwangwan suna bi gida gida suna auna su a kilo. Ba laifinsu ba ne, abincinsu suke nema, mu ne ba mu nuna kayan suna da wata daraja ba.

A ganina Ƙaraye da Rogo ba sa bukatar wani katafaren gini da za a jira kasafin kuɗi. Ɗaki guda mai rufi marar yoyo ya isa a fara, a harabar makaranta ko kusa da gidan dagaci, a keɓe shi ga noma da aikin hannu kaɗai. A gina rumbu na gaske a tsakar wurin, a kan duwatsu kamar yadda ake yi. Kowane abu a rubuta sunansa da amfaninsa da boko da ajami, a shigar da sunan gidan da ya kawo shi a littafi, a matsayin aro, don mutane su saki jiki. Abin da ya fi gaggawa shi ne muryar tsofaffi: mazari ba ya bayanin kansa, kuma wayar da ke aljihun kowane matashi ta isa ta ɗauki tsohuwa tana kaɗi tana faɗin sunan kowane mataki. Wahalar ba a tarawa take ba, tana wajen kulawa, domin sai an sami mutum guda amintacce da zai riƙa sharewa, yana maganin gara, yana buɗe wa 'yan makaranta.

Masarautar Ƙaraye, wadda Ƙaraye da Rogo ke ƙarƙashinta, ita ta fi kowa ikon fara wannan, domin in sarki ya ce a kawo, hakimai da dagatai da masu unguwanni za su kai maganar kowane zaure. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana da ma'aikatan da suka san yadda ake adana kaya, sai a nemi su zo su koyar. Kafin nan, mai karatu, in akwai tsohuwar garma ko mazari a gidanku, kada ka bari a auna su a kilo. Ɗauke su daga ƙasa, ka sa su inda ruwa ba ya taɓawa, ka je ka tambayi tsohuwar gidan yadda ake aiki da su tun tana nan.