Kuɗin APEE, Karmes da Tombola: Me Ya Halatta Ya Shiga Asusun Iyayen Yara?

 

'Yan'uwa, duk mai ɗa a lekol a nan Yawunde ya san haruffan nan huɗu, APEE, ko da bai iya Faransanci ba. A watan Satumba ake haɗuwa da su, ranar da aka je rubuta yaro aka ce sai an ga takardar biya. Ma'anarsu ƙungiyar iyayen yara da malamai. Da can APE ake cewa, ta iyaye zalla, daga baya aka shigar da malamai. Makarantun gwamnati suna da ita, kuma makarantunmu masu haɗa boko da Arabiyya a Briqueterie da Tsinga su ma ba su rasa irin wannan kwamiti. Ita ce take karɓar kuɗin shekara, ta shirya bikin raba kyaututtuka, ta kafa gidauniya idan rufi ya yaye ko benci ya ƙare. Kuɗinmu ne, 'ya'yanmu ne suke cin moriyarsa, don haka ya zama dole mu san ta wace ƙofa yake shiga.

Dalilin da ya sa wannan ƙungiya ta yi nauyi haka a Kamaru ba ɓoyayye ba ne. A 1993 an zaftare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Ɗaukar sababbin malamai ya kusan tsayawa, yara kuwa ba su daina ƙaruwa ba. Sai iyaye suka shiga ɗaukar malamai da kansu suna biyansu, waɗanda har yau ake kira malaman iyaye. A Fabrairun 2000 Shugaba Paul Biya ya sanar da soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati. An soke ɗin, amma alli da benci da mai gadi da gyaran makewayi ba su soku ba, sai suka gangaro kan asusun iyaye. A sakandare ta gwamnati kuɗin da hukuma ta yanka sefa 7,500 ne a zangon farko, 10,000 a zango na biyu, amma sau da yawa na APEE ya fi wannan. Dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990 ta ba mutum zaɓin ya shiga ƙungiya ko ya ƙi, sai dai kowa ya san yadda abin yake a bakin ofishin darakta.

Ga inda namu laifin yake. Babban taron iyaye ne yake yanke adadin kuɗin, shi ne yake zaɓen shugaba da ma'aji da masu binciken lissafi. Ranar taron, mu mutanen Brik muna shago, muna kan keken ɗinki, muna bakin tukubar tsire. Sai a yanke ba mu nan, mu dawo bakin masallaci muna gunaguni. Wanda bai je taro ba ai ya wakilta waɗanda suka je, ko ya so ko bai so ba.

Kada wani ya ɗauka cewa ɗaukar nauyin malami baƙon abu ne da boko ya kawo. Kuɗin Laraba na makarantar allo mene ne in ba shi ba? Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan karantar da Alƙur'ani, kuma Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya yi littafi guda a kan ladubban malaman yara, har da maganar abin da uba zai biya. To kuɗin shekara da iyaye suka zauna suka amince da shi don biyan malami da sayen benci, wannan babu ja a kansa. Alkawari ne, mai hali ya cika shi. Matsalar tana farawa ne idan wannan bai isa ba, aka ce a yi biki a tara ƙari.

Bikin da aka fi sani a makarantun garin nan shi ne karmes: a kafa rumfuna a filin makaranta, a sayar da abinci, yara su yi wasanni, sannan a rufe da tombola. Tombola kuwa kun san ta. A buga tikiti, a ce kowane ɗaya sefa 500, a ba yara su kai gida su sayar wa iyaye da maƙwabta. Ranar biki a zuba lambobi a kwali a jawo, wani ya tafi da fanka, wani da buhun shinkafa, sauran su tafi hannu rabbana. Abin da ya rage bayan an cire kuɗin kyaututtuka shi ne ribar makaranta.

Wannan caca ce, 'yan'uwa, ko da sunanta ya yi daɗin faɗi. Yadda malamai suke gane caca shi ne mutum ya sa kuɗinsa, sa'a kaɗai ta yanke ko ya samu fiye da abin da ya sa ko ya rasa shi ɗungurungum, kuma abin da mai nasara ya ɗauka daga aljihun waɗanda suka faɗi ya fito. Ku auna tombola da wannan ma'auni ku gani ko akwai inda ta kuɓuta. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya, ta yi umarni a nisance su.

Na san abin da za a ce: ai don yara ne, ai babu wanda ya sa a aljihunsa. To ku saurari yadda cacar Larabawan jahiliyya take, wadda ayar ta sauka a kanta. Sukan yanka raƙumi, su kawo kibau goma, bakwai masu rabo, uku babu komai. Waɗanda kibau marasa rabo suka faɗo musu su ne za su biya kuɗin raƙumin. Su kuwa masu nasara, al'adarsu ita ce su raba naman ga matalauta, har suna alfahari da hakan, suna ganin wanda ya ƙi shiga marowaci ne. Kun ga ke nan cacar da aka fara haramtawa ma ta taimakon talakawa ce. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ba ta musanta cewa akwai amfani a ciki ba, amma ta nuna zunubin ya rinjayi amfanin. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta duba irin wannan caca ta neman taimako a 1995, ta tabbatar da haramcinta. Akwai kuma abin da ya fi damuna: yaro ɗan shekara tara ne muke miƙa wa tikitin ya zaga unguwa da shi. A nan zai fara ɗanɗanar cewa ana iya samun fanka da ɗari biyar. Gobe idan muka gan shi a shagon cacar ƙwallo, waɗanda yanzu suka cika kwararon garin nan, da wane baki za mu yi masa faɗa?

Haka hukuncin yake ga ƙananan wasannin da ake biyan sefa ɗari a jefa zobe a wuyan kwalba, wanda ya dace ya ɗauki kyauta, wanda bai dace ba kuɗinsa ya tafi. Ƙanƙantar kuɗin ba ta canza sunan abin ba.

Sauran karmes ɗin fa? Mafi yawansa halal ne tsantsa, kuma mu ne ma muka fi kowa kayan yinsa. Iyaye mata su kawo waina da ƙosai da fura da zoɓo, mahauta su ba da tsire da kilishi, teloli su ɗinka 'yan riguna da huluna, a sayar, ribar ta shiga asusu. Wannan ciniki ne, ka ba da kuɗi ka karɓi abin da ka gani da idonka. Tikitin shiga da aka faɗi abin da yake ɗauke da shi, kamar kwanon abinci da wurin zama, shi ma ciniki ne. In ana son a raba kyaututtuka, wani mai hali ya saya daga aljihunsa, a yi musabaƙar karatu ko gasar lissafi, yara su shiga ba tare da sun biya ko dala ba. Ko ƙuri'a aka jefa a irin wannan babu laifi, tunda babu wanda ya yi asara. Gwanjo ma ya halatta: wani ya ba da rago ko turmin atamfa, a yi ta tayi, wanda ya fi ya ɗauka. Abin da aka hana a nan shi ne najashu, wato a dasa mutum a cikin jama'a yana ɗaga farashi alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya zuga Alhaji wane. Wasu suna yin haka da niyyar alheri, wai don makaranta ta samu. Yaudara ce duk da haka.

Sai tambayar da ɗalibai suke yawan kawowa: ko mutum zai iya zuba zakkarsa a gidauniyar makaranta? Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin zakka, kuma a mazhabar Malikiyya ba a gina aji ko masallaci da ita, ba a sayen benci da ita. Waɗannan ayyukan sadaka ne da waƙafi, ladansu kuma mai gudana ne. Amma akwai hanya. Uban yara matalauci, ko matar da miji ya rasu ya bar mata marayu, suna cikin masu haƙƙi. A damƙa musu zakkar a hannu ta zama tasu, su biya wa 'ya'yansu ko su yi wata buƙatar da ta fi matsa musu. Kwamiti zai iya zama jagora tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, a asirce, ba tare da kuɗin ya gauraya da na gini ba. Shi kuwa wanda ya biya wa ɗan cikinsa kuɗin APEE ya ce ya lissafa a zakka, bai fita ba, domin ɗawainiyar ɗansa dama tana wuyansa.

Akwai wata al'ada da ta shigo tarukanmu wadda ya kamata a sake dubawa. A ɗauki lasifika a ce Alhaji wane ya ba da dubu hamsin, a yi kabbara, a bi layi ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya har a iso kan wanda ba shi da ko na taksi. Bayyana sadaka ba haramun ba ne, aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi bayyanawar, ta kuma fifita ɓoyewa idan matalauci za a ba. Wani lokaci ganin wani ya bayar yana zaburar da na kusa da shi. Amma kiran sunan wanda bai ɗaga hannu ba, wannan karɓa ce da takobin kunya, kuma dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Mafi muni shi ne karanta sunayen waɗanda ake bi bashi a gaban yara, ko a kori yaro daga aji ya tsaya a rana saboda abin da ba shi ya ci ba. Yaron da aka yi wa haka sau biyu, sau uku, yakan tsani makarantar gaba ɗaya, sai ka tsince shi a kasuwar Mokolo yana dako. Uban ma ba zai sake zuwa taro ba. Tun ranar da ake yanke kuɗin shekara ya kamata a ware wani kaso na marayu da marasa hali, a bar mutum biyu amintattu su san su, magana ta tsaya a nan.

Idan kuɗi ya taru kuma, sai wata jarrabawar. Ma'aji amini ne, ajiya aka ba shi. In ta salwanta ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa. In kuwa ya ɗauka ya saro kaya da ita, yana cewa zai mayar kafin ƙarshen wata, to ya zama mai lamuni, ko me ya same ta shi zai biya, ga kuma laifin taɓa abin da jama'a ba su ba shi izini ba. Abin da aka tara da sunan rijiya, rijiya za a yi da shi. In buƙata ta canza a koma wa waɗanda suka bayar a tambaye su. Sannan a kiyayi abin da aka saba a wasu tarukan adashe na garin nan, inda ake ba da rancen kuɗin asusu a dawo da shi da ƙari wai don asusu ya haihu. Riba ce, ko ta shiga aljihun mutum ɗaya ko ta shiga akwatin makaranta. A rubuta komai, shiga da fita, kowa ya karɓi takardarsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka wanda ya ce a nuna masa littafin lissafi bai zargi kowa ba. In ta Orange Money ko MoMo ake karɓa, kada ya zama lambar da ma'aji yake cinikinsa da ita, kuma kada mutum ɗaya ya iya fitar da kuɗi shi kaɗai.

A makarantarmu ta Islamiyya duk wannan a hannunmu yake. A ta gwamnati kuwa muna zaune ne da maƙwabtanmu Kiristoci, kuma sau da yawa su ne suka fi yawa a zauren. Ba a zuwa can da faɗa. Idan aka kawo shawarar rumfar giya a karmes, ka tashi cikin ladabi ka ce filin yara ne, za ka tarar da iyaye da yawa waɗanda ba Musulmi ba suna tare da kai. Idan bikin bishiyar Kirsimeti ne na Disamba, ka nemi a bar gudummawarsa ga wanda ya so, kada a cusa ta cikin kuɗin dole. Idan tombola ce, kada ka tsaya a kan “ba kyau” kaɗai, ka zo da abin da zai maye gurbinta, ka ce mu za mu ɗauki rumfar abinci, ga abin da muke sa ran za ta kawo. In an rinjaye ka da ƙuri'a, kai dai kada ka saya, kada ka bar ɗanka ya sayar. Ka mayar da tikitin, ka sa abin da ya sawwaƙa a ambulan ka ce gudummawa ce, a rubuta maka takarda. Kuma tun ana tsara ranar biki ka roƙi kada a sa shi Juma'a da rana, a kuma bar ɗan lokaci da wuri mai tsabta don sallar Azahar da La'asar, da buta ko biyu a gefe.

Wallahu a'alamu.