Almakashi da Gam Don Karrama Marubuta Mata Baƙaƙen Fata

A ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa na biranen Amurka, musamman a watan Fabrairu da aka keɓe wa tarihin baƙar fata, akan shirya wani zama mai kama da wasan yara. Jama'a su kewaye tebur, ga almakashi, ga gam, ga tsofaffin mujallu da ƙyallaye. Kowa ya yanko hoton marubuciya irin su Toni Morrison ko Zora Neale Hurston, ya liƙa a kwali tare da abin da ya ga ya dace da ita, har a tashi da allo guda wanda hannuwa da yawa suka haɗa. A ganina salon ya dace da matan nan, domin tarihinsu ma a guntu-guntu aka tsinto shi.

Dubi Hurston. Ta wallafa Their Eyes Were Watching God a 1937, ta rasu cikin talauci a 1960, aka binne ta a Fort Pierce ta jihar Florida, kabarin babu ko alama. Sai a 1973 marubuciya Alice Walker ta bi sawu, ta kutsa maƙabartar da ciyawa ta cinye, ta kafa mata dutsen shaida. Labarin Morrison ya fi ma ɗaukar hankali. Tana edita a kamfanin Random House ta yi aikin The Black Book na 1974, littafin da aka harhaɗa daga yanke-yanken jaridu, tsofaffin hotuna da tallan cinikin bayi. A nan ta ci karo da labarin Margaret Garner, baiwar da ta tsere daga Kentucky a 1856, da aka cim mata ta kashe 'yarta don kada a mayar da yarinyar bauta. Wannan guntun jarida shi ya haifi littafinta Beloved a 1987, kuma a 1993 Morrison ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kyautar Nobel ta adabi.

Mai suka zai ce liƙa hoto ba karatu ba ne, mutum na iya manna fuskar Morrison a bango bai taɓa buɗe shafi ɗaya nata ba. Yana da gaskiya, ana yin haka. Sai dai wanda aka ce ya zaɓi abin da zai ajiye kusa da hotonta dole ya tambayi wace ce ita, me ta rubuta, kuma na kusa da shi a tebur ne zai ba shi amsa. Masu raina aikin a matsayin ƙaramar sana'ar hannu kuwa, su tuna matan ƙauyen Gee's Bend na Alabama, waɗanda suka daɗe suna ɗinka barguna da tsummokaran kayan gona, ga shi a 2002 manyan gidajen zane na Houston da New York suka rataye bargunan.

Sharaɗina ɗaya ne ga masu shirya zaman: su ajiye littattafan a kan teburin nan, kusa da almakashin, kuma a bar mutane su tafi gida da aronsu.