Launin Wasiƙa da Idon Mai Karatu

A shekarar 2022 kamfanin Google ya sake fasalin Gmail, watau akwatin wasiƙun intanet wanda ofisoshi da yawa ke aiki da shi. Aka shafe gefunansa da shuɗi mai haske, kuma daga watan Nuwamba aka toshe hanyar komawa ga tsohon fasali. Mutane suka yi ta gunaguni, wai sabuwar wasiƙa da wadda aka riga aka karanta sun kusa zama launi ɗaya.

Gunagunin nan yana da tushe. Abin da ido ke bi shi ne bambancin da ke tsakanin rubutu da abin da aka yi rubutun a kansa. Malaman Sakkwato sun san haka tun zamanin Shehu: baƙar tawada ke ɗauke da magana, ja kuwa sai wasula da kan babi. Ƙa'idar da masanan intanet suka kafa a 2008 ma haka ta nufa, gama ta ce bambancin hasken ya kai 4.5 ga 1.

To, magatakarda ya kula. Wasiƙar da za a aika wa hakimi, ko sanarwar da dattijo zai karanta a wayarsa cikin rana tsaka a Ƙofar Marke, a rubuta ta da baƙi bisa fari, a ƙara girman haruffa. Kada kuwa a nuna gaggawa da jan rubutu kaɗai, don akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore. A rubuta kalmar "gaggawa" a kan takardar. Wanda sabon launin ya dame shi, sai ya shiga wurin gyare-gyare a sama ta hannun dama, ya zaɓi wanda rubutu ya fi fitowa a cikinsa.